Babi na Tara: Shaidar da Guba ke Bari a Jikin Ma'aikaci

A Danja, kamar sauran garuruwan noma na yankin Funtua da Malumfashi, feshi ya zama sana'a. Masara da auduga na buƙatarsa da damina, tumatir kuma da rani. A 2016, lokacin da tsutsar Tuta absoluta ta cinye gonakin tumatir a Arewa, feshi ne makamin da manoma suka fi dogara da shi. Sau da yawa mai feshi kan goya injinsa ba takunkumi, ba safar hannu, magani na jiƙa masa baya.

Ciwon dajin da irin wannan magani kan iya jawowa ba ya zuwa rana ɗaya; yakan ɗauki shekaru goma ko ashirin kafin ya bayyana. Amma Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, haka ma wadda ba za ta yi ba. Shi ya sa masana ke bin sawun guba a jini da fitsari tun mutum yana ganin lafiyarsa ƙalau.

Alamar farko tana nuna cewa guba ta shiga jiki. Ɗan bumburutun da ke zuƙo fetur da baki yana shaƙar benzin, sinadarin da aka tabbatar yana jawo sankarar jini. Hanta kan sarrafa shi, ragowarsa ta fita a fitsari, inda ake iya auna ta. Mai fesa magani irin su ota-fiya-fiya kuwa, sinadarin kolinestares ne ke raguwa a jininsa. Ana auna shi kafin a fara feshi da kuma bayan an gama, a kwatanta.

Alama ta biyu ta fi nauyi, domin tana nuna ɓarnar da aka riga aka yi wa ƙwayoyin halitta. Akan karto cikin kumatu ko a ɗibi fararen ƙwayoyin jini, a duba da madubin likita a ƙirga gutsattsarin gadon halitta da suka ɓalle. Binciken da aka yi shekaru ana bin dubban mutane a Turai ya nuna cewa masu yawan wannan karaya sun fi kamuwa da daji daga baya.

A 2015, cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya da ke Lyon a Faransa ta tabbatar lindan, wato sinadarin Gammalin, yana jawo daji. Ta kuma sanya glifoset, maganin ciyawar da ake yawan fesawa a gonakinmu, cikin waɗanda ake kyautata zaton suna jawowa.

Samun alama ba ya nufin mutum ya kamu, gargaɗi ne. Amfaninta shi ne a gyara aiki: a sa takunkumi da safar hannu, a daina feshi ana fuskantar iska, a yi wanka da sabulu kafin cin abinci, kada a zuba ruwan sha a robar magani. Wanda kuma ya ga kumburi marar zafi, ko ramar da ba dalili, ko jini a fitsari, ya garzaya asibiti. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika yana da sashen kula da masu ciwon daji.