Ku Ɗaga Motocin Nan Kafin Ruwa Ya Sauka

Samarin Taura, ku saurara. Na Gujungu, na Majiya, na Ringim, da ku da kuke tasowa daga Dutse ta Kiyawa da Jahun, da ku nake. Wani yayi ya shigo mana, kuma zai ci rai idan ba a tare shi yanzu ba.

Yaro zai sayi mota 'yar Kwatano mai dogon baya, Golf ko Passat ko Audi ko Marsandi, mai inji da ƙarfin gaske. Ba zai yi mako da ita ba sai ya kai ta gareji ya ce a kwantar masa da ita. A yanke sifirin. A sa faffaɗan wili da taya siririya. A sauke ta har cikinta ya kusa shafar ƙasa, don ta yi kama da wadda ya gani a waya. To wadda ka gani a wayar, a wane titi take tafiya? Ka tambayi kanka? Titin Jamus ne. Kai kuma titin Kano zuwa Haɗeja za ka hau. Kai ne za ka bi ta Gujungu ranar Lahadi, kasuwa ta cika ta batse, ga shanu, ga raƙuma, ga amalanke, ga tirela tana matse ka sai ka sauka gefen kwalta.

Ka taɓa duba gefen kwaltar nan? A wurare da yawa ruwa ya zaizaye shi, ya zama gaɓa. Da wace mota za ka sauka?

Ku auna da kanku. Yawancin waɗannan motocin Turai, tazarar cikinsu da ƙasa ba ta wuce santimita 12 zuwa 15 ba tun daga kamfani. Masu ƙarfin gudu a cikinsu ma sun fi haka kwanciya, don an riga an sauke su a can. Ka zo ka sake cire santimita 5 ko 6. Ka ɗauki mutum biyar. Ka cika baya da buhun shinkafa. Me ya rage? Faɗin tafin hannu ma bai kai ba. Wannan ɗan abin shi ne tsakanin kaskon baƙin mai da dutse. Shi ne tsakanin bututun birki da tudun rage gudu. Shi ne tsakanin tankin fetur da ƙarfen da wata mota ta yar a hanya.

Masu ƙera motocin sun fi mu sanin wannan. Kamfanin Volkswagen yana da wani tsari na musamman ga ƙasashen da hanyoyinsu ba su da kyau: ɗaga motar yake yi, ya kuma sa mata kariya a ciki. Iyayenmu sun hau Fijo 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna tun shekarun 1970. Me ya sa ta jure hanyar ƙauye? Tsayinta da laushin ƙafafunta. Kuma kar wani ya ce maka tsayi rashin gudu ne, domin 504 ɗin ce ta ci tseren Safari na Kenya a 1975. Wanda ya ƙera ya ɗaga, kai da ka saya ka kwantar? Garin neman gira za a rasa ido.

Yanzu ku ji abin da ke faruwa a ƙarƙashin motar, inda ido ba ya kaiwa.

Sifirin da aka yanka da giranda ya rasa gindin da yake zama a kai. Ya gajarta. Duk lokacin da taya ta faɗa rami, ƙafar motar takan miƙe har ƙarshe, gajeren sifirin ya saki wurinsa. Wata rana ba zai koma daidai ba. Bakinsa mai kaifi zai juyo ya caki taya, ko ya tsinka robar birki. Kana kan gudun kilomita 120. Me za ka yi a wannan daƙiƙar? Babu.

Wanda aka gasa da wutar walda ya fi wannan muni. Za ka ga mai walda ya kunna gas, ya ɗora wuta a kan sifirin har ya yi jawur, motar tana sauka a hankali, yara suna tafi. Ƙarfen nan ya mutu. Wutar ta cire masa taurin da aka yi masa a kamfani. Gefe ɗaya zai fi ɗaya sauka. Zai ci gaba da lotsawa. Sannan ya karye, ba sanarwa. Kada ka yarda a sa wa sifirinka wuta. Ko kyauta ne, kada ka yarda.

Shokozoba kuma fa? An yi ta ne don ta yi tafiya sama da ƙasa gwargwadon wani tsawo. Ka cinye rabin tsawon. Tun kafin ka tashi motar, ta kusa kai ƙarshenta. Da ka taka ƙaramin rami sai ka ji "gam!" Wannan ƙarar ƙarfe ne ya haɗu da ƙarfe. A lokacin taya tsalle take yi, ba ta riƙe da kwalta. Tayar da ke sama ba ta jin birki, ba ta jin sitiyari. Akuya ta gitta? Yaro ya ɓullo daga bayan mota a kwanar gari? Ka taka birki, motar tana ta tsalle da kai.

Masu Golf 3, ku ƙara buɗe kunne, don nan ne abin ya fi ɓoyuwa. Da yawa daga cikin waɗanda ba su da ABS suna da wani ɗan bawul a baya, haɗe da ƙarfen ƙafafun baya. Aikinsa ya ji nauyi. Idan bayan motar ya sauka, sai ya ɗauka an yi lodi, ya ƙara wa birkin baya ƙarfi. Ka kwantar da motar, ba ka sa an gyara bawul ɗin ba. Kullum yana ganin motarka cike take, alhali kai kaɗai ne a ciki. Ka taka birki da ƙarfi a jiƙaƙƙiyar kwalta, tayoyin baya su riga na gaba kullewa, bayan motar ya juyo gaba. Haka ake ƙundumbala. Mutane su taru su ce gudu ne. Makaniken da ya yanka maka sifirin ya gaya maka wannan? Shi kansa ya sani?

Alamomin sun riga sun bayyana. Je ka duba yau, kar ka bari sai gobe. Murɗa sitiyari har ƙarshe, ka durƙusa, ka shafa tayar gaba ta can ciki. Waje lafiya lau, ciki kuwa ya siɗe, wataƙila har waya ta fito tana sukar yatsa. Kwantar da mota yana karkatar da taya, ta riƙa cin gefe guda, gefen da ba ka gani. Irin wannan tayar ce ke fashewa da zafin rana a watan Afrilu. Duba inda ka ajiye motar da dare. Akwai ɗigon baƙin mai? Duba jikin shokozoba. Ta jiƙe da mai? Ta mutu. Kana jin "kas-kas-kas" idan ka sha kwana? Shaf ne ke kuka. Salansa tana gurzar ƙasa a ƙofar gidanku? Motar tana ja gefe guda? Kana jin warin fetur?

Idan kana jin warin fetur, kashe motar. Sauke mutane. Yanzu.

Mu mutanen Taura ba ma bukatar a koya mana abin da fetur ke yi. Daren Talata, 15 ga Oktoba, 2024, tanka ta faɗi a Majiya, mai ya malala, wuta ta tashi, muka rasa mutum sama da 150. Allah Ya jiƙansu, Ya ba iyalansu haƙuri. Tankin motarka ƙarami ne, na sani. Amma a ƙarƙashin kujerar baya yake, inda mata da yara ke zama, kuma salansa mai zafi tana kusa da shi.

Ga damina tafe. Kun manta ambaliyar 2022, yadda Kogin Haɗeja ya tumbatsa, ya ci gonaki da gidaje da hanyoyi daga Ringim har Auyo? Ruwan da motar maƙwabcinka za ta ratsa, taka zai shiga hancin injinta. Injin da ya sha ruwa ya tashi aiki. Ramin da ruwa ya rufe ba ka san zurfinsa ba. Kasko ya fashe, jar fitilar mai ta kama, idan ba ka kashe nan take ba inji ya ƙone. Da rani kuma rairayi ne: cikin motar ya dafe ƙasa, tayoyi suna juyawa a banza. Idan mai naƙuda ce a baya fa? Idan dare ne, asibitin Ringim kake nema?

Za ka ce ai kai gajeren sifirin na kamfani za ka saya, ba yanka za ka yi ba. To ji. Akwai na ƙwarai, irin su Eibach da H&R da Bilstein da KW. Amma a Jamus ɗin ma, wanda ya canza tsayin motarsa sai kayan suna da takardar amincewa, ko masu binciken mota irin su TÜV sun duba. A nan wa zai duba maka? Suna a jikin kwali ba shaida ba ne, jabu ya yi yawa. 'Yan Beljiyam da za ka ɗauko a Ƙofar Ruwa kuwa, ka duba tsatsa, don gishirin da ake zubawa a titunan Turai lokacin ƙanƙara yana cin su. Idan ka nace, kada saukar ta wuce santimita 2 zuwa 3. Sayi sifirin da shokozoba da aka yi su tare, don irin motarka, mai dogon baya, ba gajera ba, domin nauyin bayansu ba ɗaya ba ne. Canza duka huɗun. Sa farantin ƙarfe a ƙarƙashin inji. A saita tayoyi a kan na'ura. A saita fitilu. A duba bawul ɗin birki. Ba ka da kuɗin duk wannan? To bar motar yadda ta zo. Ni dai a ganina, a hanyarmu ko wannan ɗin ma asara ce.

Oga makanike, Allah Ya sa wa sana'a albarka, amma ka ji tsoron Allah. Yaro ya zo da zumuɗi, kai ne babba. Ce masa a'a. Kuɗin yanka sifirin nawa ne? Ya kai kwana ɗaya a Asibitin Ƙashi na Dala? Ya kai jinya a Asibitin Rasheed Shekoni?

Alhaji, kai ka biya kuɗin motar. Fita ka kalle ta. Idan yatsunka biyu ba sa shiga tsakanin taya da jikin mota, karɓe makulli. Hajiya, kada ki shiga, kada ki sa jikokinki. Amarya da ƙawayenta kada a ɗauko su a cikinta.

Kai kuma mai motar, ina tsofaffin sifirin ɗinka? Idan suna nan lafiya, a mayar da su. Idan an yanka su ko an gasa su, a jefar, kada a sayar wa wani. Nemo cikakku. Canza tayar da ta siɗe. Kada ka ce sai bayan Sallah. Kada ka ce sai an sayar da riɗi. Kada ka ce bari in je Kano in dawo tukuna. Ajiye ta a gareji yau, ka hau ta haya.