Mota ta ƙi tashi: a bi sawun wuta kafin a kashe kuɗi

Ranar kasuwa ce, da asuba. An loda buhunan wake da albasa bayan bashe, an ɗaure awaki, mata sun hau da ƙoransu. Direba ya murɗa makulli, mota ta ƙi tashi. Samari suka tura ta har bayan gari, shiru. Nan take kowa ya zama gwani. Wannan ya ce batir ne, wancan ya ce bobin. Mai mota ya ci bashi ya aika birni aka sayo sabon batir, aka sa, ba ta tashi ba. Kasuwa ta ci ta watse. Irin wannan ya sha faruwa a ƙauyuka, kuma sau da yawa motar nan guda ita ce ke kai mai naƙuda gidan likita da tsakar dare.

Tsofaffin motocin da ake magana a kansu su ne masu shan esansi, irin Peugeot 404 da ta fito a 1960, da 504 da ta fito a 1968, wadda daga baya aka riƙa haɗawa a Kaduna. Mota mai gazuwal ba ta da bujin tartsatsi, nata gyaran daban ne. Sababbin motoci kuma na'ura ce ke raba musu wuta.

Moter ba ya tashi sai esansi da iska sun haɗu, tartsatsin wuta ya same su a kan lokaci. Wutar nan tana da hanya guda, kamar burtalin shanu. Daga batir take fitowa da ƙarfin volt 12, ta bi ta makulli ta shiga bobin. Bobin ya ninka ƙarfinta ya kai volt dubu goma sha wani abu, ya tura ta ga delko. Delko ya raba ta ga buji huɗu. Makanikin kirki hanyar nan yake bi daki-daki, kamar mai bin sawun ɓatacciyar saniya, har ya ga inda sawu ya tsaya.

Da kunne ake farawa. Idan an murɗa makulli aka ji shiru, ko aka ji “tak” sau ɗaya, to, matsalar tana wajen batir ko demarer, wato abin da ke juya moter. A kunna fitilun gaba a sake murɗawa. In haske ya dushe ƙwarai, batir ya yi sanyi ko kawunansa sun yi datti. In haske yana nan tangaran amma moter bai motsa ba, a duba makulli da demarer. Farin garin nan da ke taruwa a kawunan batir yana hana wuta wucewa, kuma shi kaɗai ya sa an yar da batura masu rai da yawa. A kwance wayar da ke da alamar ragi tukuna, a wanke kawunan da ruwan ɗumi da ƴar kanwa, kada ruwan ya shiga cikin batir, a goge, a ɗaure tam. Zafin bazara yana shanye ruwan batir. Ruwan batir na kanti ake ƙara masa, ban da na rijiya.

Idan kuwa moter yana juyawa da ƙarfi amma bai kama ba, a daina wahalar da demarer, don batir ne ke ƙarewa a banza. A fitar da mota daga bitesi, a ja birkin hannu. A zare babbar wayar da ke tsakiyar hular delko, a riƙe ta da busasshen icce, bakinta kusa da ƙarfen moter, tsakaninsu kamar faɗin ƙwayar wake. Wani ya murɗa makulli. Tartsatsi shuɗi mai ƙara “tas-tas” shaida ce bobin da abin da ke bayansa lafiya suke. Ja ko rawaya mai rauni, ko babu sam, aiki yana baya. Ba a yin wannan gwaji kusa da zubabben esansi, kuma mai riƙe waya da hannu zai sha fizga.

In babu tartsatsi, a buɗe hular delko. A ciki akwai ƴan ƙarafa biyu masu buɗewa da rufewa kamar bakin tsuntsu, ana ce musu bis pilatine. Duk buɗewar da suka yi, bobin ya harba wuta. A nan yawancin ciwon yake. Ƙurar hunturu da rashin maiko suna cinye ɗan dundunen da ke buɗe su, har bakin ya daina buɗewa. A juya moter a hankali a gani. Idan sun buɗe iyakar buɗewa, tsakaninsu ya zama milimeta 0,4. Da ƙarfen awo ake aunawa, amma a daji kwalin ashana yana fid da mutum kunya. In bakinsu ya yi datti, a goge da takardar yashi mai laushi, a bi da farar takarda busasshiya. In ya ƙone ya yi rami-rami, a zargi kondansater, ɗan gwangwanin nan da ke manne da delko. Yana cikin mafi arahar kayan mota, tare da bis pilatine ake sauya shi.

Ƙwan fitila na volt 12 da ƴan wayoyi biyu ya isa ya raba gardama. Waya ɗaya ta taɓa ƙarfen moter, ɗaya ta taɓa ƙafar bobin inda wuta ke shigowa daga makulli. An buɗe makulli ƙwai bai kama ba, wuta ba ta iso ba ke nan, a bi wayar baya. In ya kama, a mayar da shi ɗaya ƙafar, mai zuwa delko, a juya moter. Ƙwan ya riƙa ƙyaftawa. In ya tsaya da haske, bis pilatine ba su rufewa sosai, ko sun yi datti. In bai kama ba sam, ba su buɗewa, ko waya ta goge tana taɓa ƙarfe, ko kondansater ya mutu. Sai an gama da waɗannan ake tuhumar bobin. Shi ne kowa ke fara zargi, alhali bai cika mutuwa ba. Abin da ke kashe shi shi ne barin makulli a buɗe moter yana kashe, kamar yadda karen mota yake yi don ya ji rediyo.

Wani lokaci tartsatsi yana fita daga bobin da kyau amma bai kai ga buji ba. To, a duba hular delko da ɗan yatsan da ke juyawa a cikinta. Tsaga siririya kamar gashi ta isa ta sace wuta. Da damina raɓa tana kwana cikin hular, tsumma busasshe kawai take bukata. Sai a kwance buji. Jiƙaƙƙe da esansi yana nuna mai yana zuwa, wuta ce babu, ko kuma an cika masa mai da yawan taka totur. A shanya shi, a goge baƙin hayaƙi, a daidaita bakinsa milimeta 0,6. Busasshe ƙayau bayan an daɗe ana juyawa yana nuna esansi ne bai iso ba. Daga nan magana ta koma ga tanki da pompi da karbirato, musamman ga mai sayen esansin kwalba a bakin hanya.

Wayoyin buji ba a zare su gaba ɗaya. Silinda huɗu na motocin nan suna karɓar wuta bi da bi: 1, 3, 4, 2. An musanya biyu, mota sai ta yi ta harbi kamar bindigar mafarauci. A zare ɗaya, a mayar, sannan a taɓa ta gaba. Haka jikin delko: kada a kwance shi a murɗa da ka, don shi ke riƙe da lokacin wuta. In dole ne, a yi alama da ƙusa kafin a taɓa, aikin daidaitawa kuma a bar wa makaniki.

Direban da ke shiga daji ya ajiye cikin gwangwanin madara bis pilatine sababbi, kondansater, ɗan yatsan delko, buji biyu, da ƙwan fitilar nan mai wayoyi. Ya haɗa da turnabis da kilen buji, ya sa su ƙarƙashin kujera inda ruwa ba ya kaiwa.