Allunan Lakar Sumer Sun Zama Hajar Dillalai

Kimanin shekara 3200 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.), mutanen Sumer, waɗanda suka zauna a kudancin ƙasar Iraki ta yau tsakanin kogin Dijla da na Furatu, suka soma rubutu a birnin Uruk. Marubuci yakan mulmula ɗanyar laka, ya shafe fuskarta, ya riƙa danna mata bakin kara, sa'an nan ya shanya. Galibin allunan ba su wuce tafin hannu ba, abin da ke cikinsu kuwa lissafi ne na sha'ir da tumaki da ladan 'yan ƙodago.

Ƙanƙantarsu da yawansu su suka sa suka yi daɗin fatauci. Tun wajen 1910 dillalai suka cika kasuwannin Turai da Amurka da allunan da aka tono a kufan Umma da Direhem. Iraki ta kafa doka a 1936 wadda ta mai da kayan tarihi mallakar gwamnati, hukumar UNESCO kuma ta tsara yarjejeniyar 1970 don hana fasa-ƙwaurinsu. Duk da haka, a yaƙin 2003 ɓarayi suka kwashe kaya kimanin 15,000 daga gidan tarihi na Bagadaza, mahaƙa kuma suka afka wa kufai.

A 2010 kamfanin Hobby Lobby na Amurka ya sayi kayan tarihi fiye da 5,500 a kan kuɗi wuri na gugar wuri har dala miliyan 1.6. A 2017 ya yarda ya biya tarar dala miliyan 3, a shekarar da ta biyo kuma aka mayar wa Iraki kaya kimanin 3,800.

To, jama'a, asarar ta wuce ta kuɗi. Cikin kayan nan akwai allunan wani birni mai suna Irisagirig. Masana sun karanta sunansa, amma suka yi ta gardama a kan inda yake, domin ɓarawo ba ya faɗin ramin da ya haƙa. Allon da aka raba da 'yan'uwansa ya zama kamar shafi guda da aka yage daga littafi.

Saboda haka duk mai sha'awar mallakar irin wannan allo ya nemi takardar shaidar cewa ya fita Iraki ta halal, ya kuma yi hattara da na jabu. Wanda ya saya ba shaida kada ya yi kuka ranar da hukuma ta ƙwace, gama kowa ya sayi rariya ya san za ta zub da ruwa.