Kokowa a kan allo: zanen da ke nuna wa zai gamu da wa

Kamar yadda mai karatu ya sani, tun daga shekarar 1975, lokacin da aka yi karon farko a Tawa, kokowar neman takobin ƙasa ta zame babban taron Nijar. Yakuba Ango Kantu, wanda filin kokowar Maraɗi ke ɗauke da sunansa, shi ya fara ɗaga takobin. Jaha takwas, kowace da zaratanta goma, mutum 80 ke nan. Sai dai tun kafin a kai ga wannan matsayi ake soma tankaɗe da rairaya a gundumomi irin Madarunfa, kuma a nan ne gardama ta fi zafi: wa ya haɗa wane da wane, ta wace hanya?

Akwai wani zane da masu ƙwallo suka daɗe suna aiki da shi, wanda ake gani a kowane gasar cin kofin duniya. Ana jera rabin sunaye a hagun allo, rabi a dama. Kowane karo layi biyu ne da suka haɗu suka zama ɗaya, wanda ya yi kaye sunansa ya matsa ciki, har ɓangarorin biyu su yi kiciɓis a tsakiya, wurin karon ƙarshe. Da mutum 16, karo 15 ake yi, kuma gwani sai ya kada huɗu.

Lissafin ba ya tafiya sumul sai da 8, 16, 32 ko 64. A ce komin shida na gundumar, wato Madarunfa, Ɗan Isa, Jiratawa, Gabi, Safo da Sarkin Yamma, kowace ta turo mutum biyu. An samu 12. Dole huɗu su zauna a zagayen farko ba su ko ɗaura warki ba, takwas su kara, sa'an nan a cika takwas na zagaye na biyu. To, su wa za su huta? Duk ɗan kasuwar da ya taɓa ɗaukar nauyin wasa ya san nan ne ƙorafi ke tashi. In an jefa ƙuri'a a bainar jama'a, aka rubuta sakamako a allon tun kafin makaɗi ya taɓa ganga, kowa ya ga hanyarsa har ƙarshe. Ana kuma iya raba ƴan gari guda, ɗaya hagu ɗaya dama, don kada su gamu sai a karon ƙarshe; hakan na rage zargin nan na cewa wani ya kwanta wa ɗan uwansa da gangan.

A da, alli da allon lakkol sun wadatar. Yau na'ura mai ƙwaƙwalwa na yin aikin. Ɗaya daga kayan da masu rubuta umarnin na'ura ke amfani da su shi ne D3, wanda Mike Bostock da abokansa suka fitar a Amurka a 2011. A wurin na'ura, gasar bishiya ce: karon ƙarshe shi ne gindi, kowane karo na da rassa biyu. D3 ta iya zana bishiya mai fuskantar gefe guda. Dabarar ita ce a tsaga ta biyu, a zana kowane rabi daban, a juya na dama kamar a madubi. Kowane karo kuwa ana aje shi daidai tsakiyar biyun da suka haife shi.

Zanen na da iyakarsa. Faɗi gare shi, ya dace da bango ko shafin jarida, amma a fuskar salula sunaye kan ƙanƙance, sai an kwantar da wayar. Kuma bai dace da makon farko na takobin ƙasa ba, inda jaha ke karawa da jaha, goma da goma, ana ƙidayar waɗanda ba su taɓa ƙasa ba. Yawansu ba ya sanuwa sai ranar da aka gama, don haka sai a sannan ake iya ja layin farko.