Limaman cocin Khartum: masu rarrashin jama'a su ma sun gaji

Sama da shekara guda Fada Jacob Thelekkadan ya yi a gidan Dar Mariam da ke unguwar Shajara, kudancin Khartum, ba tare da ya samu hanyar fita ba. Ɗan Indiya ne, limamin Katolika. Tare da shi akwai sistoci biyar da mutane kusan 80, yawancinsu mata da yara, waɗanda suka fake a gidan bayan yaƙi ya ɓarke tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF ranar 15 ga Afrilun 2023. Bam ya faɗa wa gidan ranar 3 ga Nuwamban shekarar. Da abinci ya yi ƙaranci, sai da aka kai ga dafa wa yara ganyen itatuwa. A watan Agustan 2024 ne sojoji suka kwashe limamin da sistocin zuwa Omdurman.

Duk tsawon wannan lokaci aikinsu shi ne kwantar wa wasu hankali. To su kuma wa ke kwantar musu?

Coci na da tsohuwar amsa ga wannan tambaya, wato keɓewa. Limami ya bar majami'arsa da wayarsa da masu layi a ƙofarsa, ya tafi wani gida na daban ya yi kwanaki yana shiru da addu'a da nazari, da wani dattijon limami da zai riƙa sauraronsa. A ɗarikar Katolika abin ba ganin dama ba ne, dokar coci ce ta wajabta shi a kan limamai lokaci-lokaci. Tsarin da ya fi shahara shi ne na Ignatius na Loyola, wanda asalinsa kwana 30 ne, amma an fi yin na kwana 8. Kiristoci kan kafa hujja da wurin da Injilar Markus ta nuna Yesu ya janye almajiransa gefe domin su huta, saboda jama'a sun hana su ko cin abinci.

Sai dai keɓewa na bukatar gida mai tsaro, da hanyar zuwa, da wanda zai riƙe maka jama'a kafin ka dawo. Yaƙin Khartum ya cinye duka ukun. Tun a makon farko Akbishop Ezekiel Kondo, shugaban cocin Angilika na Sudan, ya bar babbar majami'ar All Saints, dakarun RSF suka mamaye ta, shi kuma ya ƙare a Port Sudan. Can ma takwaransa na Katolika, Michael Didi, ya koma da zama. A watan Mayun 2023 'yan bindiga suka afka cocin Kibɗawa na Mar Girgis a Omdurman, suka raunata mutane. Kiristoci dai kusan kashi 5 cikin 100 ne na al'ummar ƙasar, limamansu dama ba su da yawa, ga shi sun watse: wasu Masar, wasu Sudan ta Kudu, wasu suna bin mabiyansu daga wannan sansani zuwa wancan. A bayansu kuma labaran na ta zuwa. An lakaɗa wa Bishop Yunan Tombe Trille na El Obeid duka a kan hanya a ƙarshen 2024, an kashe Fada Luka Jomo a El Fasher a watan Yunin 2025.

Fitacciyar cibiyar irin wannan hutu a yankin tana can Sudan ta Kudu, a ƙauyen Kit kusa da Juba. Ƙungiyoyin fada-fada da sistoci ne suka buɗe ta a 2016 da sunan Good Shepherd, domin keɓewa da kuma warkar da mutanen da yaƙi ya taɓa zukatansu. Bishop-bishop na Katolika na ƙasashen biyu har yau majalisa ɗaya gare su duk da rabuwar 2011, saboda haka ƙofar a buɗe take ga na arewa. Amma fa ga limamin da ke Omdurman, isa Juba ba tafiyar yini ba ce.

Abin da ake yi a irin waɗannan zama shi ma ya canza. A da ana ɗauka addu'a da shiru sun wadatar. Wanda ya binne yara da hannunsa, shirun kansa na iya zame masa azaba, don a nan ne abin da ya gani ke dawo masa. Shi ya sa yanzu ake haɗawa da darussan da aka faro a gabashin Afirka farkon shekarun 2000, aka buga su littafi a 2004, waɗanda coci-coci a Najeriya ma suke amfani da su. Ana zama rukuni-rukuni, mutum ya ba da labarinsa ba a katse shi ba. Ana koya masa gane alamomi a jikinsa: rashin barci, saurin fushi, firgita idan ƙofa ta buga. Akwai kuma rubuta kuka ga Allah, irin na Zabura, ba tare da an ce masa ya yi saɓo ba.

Wannan na ƙarshen, a ganina, shi ne mai wuyar. Limami mutum ne da aka saba wa ba da amsa, jama'a ba sa son ganin hawayensa. Balle wanda ya tsere ya bar mabiyansa, ko da dole ce ta sa, zai jima yana jin nauyin haɗa ido da wanda ya tsaya. Duk wanda ya san fastoci da limaman masallatai na Borno da Adamawa a shekarun Boko Haram ya san wannan yanayi, ba sai an faɗa masa ba.

A watan Maris na 2025 sojoji suka ƙwace Khartum, mutane suka fara komawa. Abin da ake nunawa a hotuna shi ne bango da rufi: majami'ar St Matthew ta Katolika da ke bakin kogin Nilu, da makarantar Comboni da aka kafa a 1929, da kuɗin da gyara zai ci. Limaman da ke komawa kuwa za su tarar da kaburbura a cikin unguwanni da filayen makarantu, inda aka riƙa binne mutane lokacin da ba a iya kaiwa maƙabarta. Hukumomin jihar Khartum sun fara tono gawarwakin suna mayar da su maƙabartu, kuma idan mamacin Kirista ne, limamin unguwa iyalai za su nema ya sake yi masa addu'a.