Fim ɗin Sultan: Masu sharhi sun ga nasu, mu ma mun ga namu

Ni ba ma'abocin kallon fim ba ne. Shekara 26 ke nan ina sayar da hatsi a kasuwar Aboabo da ke Tamale, daga rumfa sai masallaci sai gida. To, ran nan sai ɗana ya kunna mana wani fim ɗin Indiya mai suna Sultan, wanda Ali Abbas Zafar ya ba da umarni, ya fito a watan Yulin 2016, lokacin ƙaramar Sallah.

Salman Khan ne ya fito a matsayin Sultan, wani saurayin jihar Haryana da ya shiga kokawa don kawai ya burge Aarfa, wato Anushka Sharma, 'yar kokawa kuma ɗiyar mai horarwa. Farkon fim ɗin duk barkwanci ne da soyayya, mun sha dariya. Bayan aure ne labari ya juya. Aarfa ta samu ciki, ta haƙura da burinta na zuwa gasar Olamfik. Shi kuwa gogan ya ci zinare, girman kai ya shige shi, ya tafi wata gasar ya bar ta ciki ya tsufa. Jaririn ya zo da ƙarancin jini, nau'in jininsa mai wuyar samu ne, irin na ubansa, uban kuma ba ya nan. Yaro ya rasu, aure ya lalace, Sultan ya ajiye kokawa.

Fim ɗin ya tara sama da rufi biliyan 6 a duniya. Masu sharhi da dama sun yaba wa Salman, musamman inda ya tsaya gaban madubi yana kallon tumbinsa yana kuka. Wasu sun ce ya yi tsawo, kusan awa uku. Amma sukar da ta fi zafi ita ce: don me mace mai ƙwazo za ta zubar da burinta don namiji ya ɗaukaka?

Da ɗana ya karanto mana wannan a waya, sai na ce ai surutun 'yan boko ne. Uwargidana ta ajiye tsintsiya ta ce, "Malam, gaskiya suka faɗa. Ka manta da keken ɗinkina?" Wallahi na manta. Ita ce ta sayar da shi ta ƙara mini jari shekarar da muka baro Katsina, kuma har yau ban mayar ba.

Ni abin da ya taɓa ni daban ne. Ina kan hanyar Techiman da lodin masara aka haifi 'yarmu ta biyu, kafin in dawo an binne ta. Ban taɓa hawa filin kokawa ba, amma na san wannan kayen. Mu fatake kullum cewa muke don iyali muke fita, alhali wani lokacin suna muke nema a kasuwa.

Masu sharhi suna auna labari da wasan 'yan wasa, aikinsu ne. Kai ɗan'uwa, in za ka kalla, ka zauna kusa da matarka, ka kuma saurari abin da za ta ce bayan an gama. Ni dai ranar Asabar na je na tambayo kuɗin keken ɗinki.