Hoton Yara da Haƙƙinsu a Kanmu

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah (SAW). Bayan haka:

Iyaye suna yawan tambayarmu hukuncin ɗaukar hoton yara da waya. A mazhabarmu ta Malikiyya, abin da aka haramta kai tsaye shi ne mutum-mutumi, wato cikakkiyar surar mai rai wadda take da inuwa. Hoton kyamara kuwa malaman zamani sun yi saɓani a kansa. Shaihu Ibn Baz ya hana sai da lalura, irin ta katin shaida da fasfo. Shaihu Muhammad Bakhit al-Muɗi'i, muftin Masar wanda ya rasu a 1935, ya halatta, domin a ganinsa kama surar da Allah Ya riga Ya halitta ne, kamar ta madubi. Wanda ya ɗauki halascin ma, akwai haƙƙoƙi biyu na yaro a wuyansa.

Na farko shi ne hankalinmu ya kasance tare da shi. Ku duba ranar saukar Alƙur'ani a Yelwa ko Pumpumre, ko hawan sallah a ƙofar fadar Lamiɗon Garwa. Yaro ya kwana bakwai yana tilawa, ya riƙe allonsa yana rawar murya, ya ɗago yana neman idon babansa, sai ya ga bayan waya. Baba yana gyara haske, karatun ya wuce bai ji ba. To, wa zai ce masa "madalla"?

Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Annabi (SAW) ya yi sallah ɗauke da jikarsa Umama. In zai yi sujada ya ajiye ta, in ya miƙe ya ɗauke ta. Nasa'i ya ruwaito cewa ya tsawaita sujada don jikansa ya hau bayansa, bai so ya gaggauta shi ba. Ya san har tsuntsun da Abu Umair, ƙanen Anas, yake wasa da shi, yana tambayarsa labarinsa. Wannan ita ce sunna: a ba yaro ido da kunne.

Na biyu shi ne sutura. Hoton da ya shiga WhatsApp ko Facebook ya zama zarar bunu, ba ya komawa. Jaririn da aka ɗauka yana wanka, ko yarinyar da aka ɗauka tana kuka don a yi dariya, za su girma su tarar da shi a hannun mutane. Kambun baka gaskiya ne, Annabi (SAW) ya kasance yana nema wa Hasan da Husaini tsari daga gare shi. Gwamnatin Kamaru ma ta kafa dokar kare yara a intanet a Yulin 2023.

Saboda haka, a taro mutum ɗaya ya ɗauka, saura su saurara. Kada a ɗauki al'aurar yaro ko abin da zai kunyata shi. Ɗan wani, a nemi izinin iyayensa. Almajiri ma ɗan wani ne. Yaron da ya yi wayo ya ce ba ya so, a ƙyale shi.

Allah Ya shirya mana zuriya, Ya sa su zama sanyin idanunmu. Wallahu a'alam.